Kwana goma kafin a goge Windows.old

Idan aka ɗaga kwamfuta daga Windows 10 zuwa Windows 11, akwai abin da ke biyo baya wanda ba kasafai mai gyara yake faɗa wa mutum ba: wurin ajiya yana raguwa, kuma ba kaɗan ba. Kwamfutar da jiya take da sararin gigabait 30, yau sai a tarar saura 10, sandar da ke nuna ma'ajiyar C ta koma ja. Ba ka sauke fim ba, ba ka zuba hotunan biki ba, amma wuri ya tafi. In ka buɗe ma'ajiyar ka duba da kyau, za ka ga wata sabuwar folda da ba kai ka ƙirƙire ta ba, sunanta Windows.old. A cikinta wurin ya shige.

Mu 'yan kulob ɗin kwamfuta na makarantarmu mun sha karo da wannan folda a 'yan watannin nan, domin tun daga 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba, wato gyare-gyaren tsaro na kyauta da ke zuwa duk wata. Manhajar ta fito ne a watan Yulin 2015, ta yi shekara goma tana aiki, lokacinta ya cika. Saboda haka kowa ya tashi sauya sheƙa: ɗakin kwamfutarmu, shagunan buga takardu, da yayyenmu da ke jami'a. Yawancin na'urorin da ke hannunmu kuwa laftof ne na hannu, masu ƙaramar ma'ajiya mai gigabait 128. (Ita ma 128 ɗin a jikin kwali take, in ka kunna, kusan 119 za ka gani, saboda masu ƙera ma'ajiya da Windows ba lissafi ɗaya suke yi ba.) A irin wannan na'ura, folda mai cin gigabait 15 ko 20 ba abin da za a kau da kai a kansa ba ne.

To mece ce a cikinta? Tsohuwar Windows ce sukutum. Lokacin da ake ɗora sabuwa, na'urar ba ta share tsohuwa nan take. Tattara ta take yi, da saitunanta da bayanan manhajojin da ke kanta, ta tura su gefe guda, kamar yadda mai gida in ya tare a sabon gini ba ya rushe tsohon ɗaki sai ya ga damina ta wuce rufin bai yi yoyo ba. Muddin foldar tana nan lafiya, kana iya shiga Settings, ka zaɓi System, ka zaɓi Recovery, ka danna Go back, kwamfutar ta koma yadda take kafin a taɓa ta. In an goge foldar, maɓallin nan ya mutu. Babu wata hanyar komawa sai a sake ɗora tsohuwar manhaja daga farko, a sake neman kowane abu ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin data da kuɗin mai gyara.

Wannan dama kwana goma ce kawai. A farkon fitowar Windows 10 wata guda ake bayarwa, daga baya a 2016 aka rage zuwa kwana goma. In sun cika, Windows da kanta take share foldar ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ke nan mai haƙuri ba ya ma buƙatar yin komai. Amma mun san halinmu. Ɗalibi ya ga jan layi, ga bidiyon darasin Kimiyya yana son saukewa, ga aboki a gefe yana cewa ai shara ce, goge kawai. Kwana goma sai su zama kamar zango guda.

A kulob ɗinmu an yi ta ja-in-ja a kan wannan. Wasu suka ce tunda kwamfuta ta tashi, allo ya kawo, linzami yana motsi, me ake jira? Mu kuwa ra'ayin da muka tsaya a kai shi ne, tashin kwamfuta ba shi ne shaidar lafiyarta ba. Matsalolin sabuwar manhaja ba a ranar farko suke bayyana ba, sai ranar da aka buƙaci wani abu. Akwai ƙananan manhajoji da ake kira direba, su ne tafintoci tsakanin Windows da kayan aiki irin su firinta, sifika, kyamara da waifai. Tsohuwar firinta tana iya zama ba ta da tafintan da ke jin yaren sabuwar Windows. Ba za ka sani ba sai ranar da aka kawo takardar da za a buga. Haka ta faru da ɗaya daga cikin na'urorin ɗakinmu: kwana huɗu tana aiki lafiya lau, a na biyar aka zo buga jadawalin gwaji, firinta ta yi shiru. Da yake foldar tana nan, muka mayar da ita Windows 10 cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, aka buga jadawalin, sannan daga baya aka nemo direban da ya dace a natse, aka sake ɗagawa.

Abin da ya fi firinta muhimmanci a wurinmu shi ne manhajar gwajin JAMB. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar shiga jami'a gaba ɗayanta, kuma da yawa daga cikin 'yan aji shida ba su da inda za su saba da kibod da linzami sai a ɗakin nan. Irin waɗannan manhajoji sau da yawa ana kunna su ne da lambar da aka saya, wadda aka ɗaure da na'ura guda. In manhajar ta ƙi buɗewa bayan sauyi, saura mako uku jarrabawa, ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga wanda ba shi da wata kwamfutar a gida. Gigabait 20 ɗin da za a samu bai kai wannan ba.

Akwai kuma na'urorin da tun asali ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Manhajar, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki, da ma'ajiya mai gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel galibi sai firosesa 'yar ƙarni na takwas zuwa sama. Laftof ɗin hannu da yawa sun girmi haka. Masu gyara sun san dabarar tsallake shingen, kuma sau da yawa na'urar tana tashi. Amma wanda ya shiga ta taga ya fi kowa buƙatar sanin inda ƙofa take. A irin wannan na'ura, mu ba ma yarda a taɓa foldar ko da kwana ɗaya kafin wa'adi.

Sai wani al'amari da mutane ƙalilan suka sani, kuma shi ne ya fi ba mu tsoro. Ɗora Windows iri biyu ne. Akwai ɗagawa ta cikin gida, inda aka zaɓi a bar fayiloli, sai takardunka da hotunanka su biyo ka sabon wuri. Akwai kuma wadda masu gyara suka fi so don ta fi sauri: a sa filash, a ɗora sabuwa fil a kan ma'ajiyar ba tare da an share ta ba. A wannan ta biyun, in kwamfutar ta tashi za ka ga fili fetal, babu takarda ko ɗaya, sai ka ɗauka komai ya salwanta. Bai salwanta ba. Yana cikin Windows.old, a ƙarƙashin foldar Users, a cikin sunan mai na'urar. Wata malamarmu ta kawo mana laftof ɗinta daga wurin gyara ranta a ɓace, ta ce tambayoyin jarrabawa na shekara uku da ta tara sun tafi. Muka ce, “Malama, ba mu minti biyar.” Muka bi hanyar nan, sai ga su reras, har da hotunan sunan ɗanta. Muka kwashe su zuwa filash, muka kuma kwafa su cikin sabon wurin. Da wani mai son taimako ya riga mu, ya ga jan layi ya yi mata shara, da sai dai labari. Shi ya sa a kwamfutar da ba taka kai kaɗai ba, ta gida ce ko ta makaranta, ba ka da hurumin goge wannan folda sai ka tambayi duk wanda ke da ajiya a ciki. Ƙila aikin kammala karatun yayarka yana nan, ƙila lissafin shagon Baba.

To in an gwada komai, an ji sauti, waifai ya kama, firinta ta buga, manhajojin karatu sun buɗe, kowa ya ga kayansa, kuma wuri ya matse ƙwarai, ana iya gogewa kafin kwana goman. Sai dai ba da hannu ba. Wanda ya danna foldar ya latsa Delete zai yi ta cin karo da saƙon cewa ba shi da izini, domin fayiloli da yawa a cikinta mallakin tsarin ne, ba na mai amfani ba. Ƙarshenta wasu su gogu wasu su ƙi, a tashi ba tsuntsu ba tarko: hanyar komawa ta lalace, wurin kuma bai dawo duka ba. Hanyar da aka tanada ita ce a shiga Settings, System, Storage, sannan Temporary files. A jira ta gama lissafi, a sa alama a kan layin da ke maganar tsohuwar Windows, a danna Remove files. Tsohon kayan aikin nan Disk Cleanup shi ma yana yi, in an danna Clean up system files. A tabbata caja tana jone kuma batir yana da rai, don aikin yakan ɗauki lokaci, wutarmu kuwa ba ta sallama in za ta tafi.

A wannan shafin na Temporary files akwai tarko guda. Cikin jerin akwai layin Downloads, kuma sau da yawa shi ne mai babbar lamba, mai jan ido. Wannan ba ragowar tsarin ba ne. Duk abin da ka taɓa saukewa ne daga intanet: takardar rijistar jarrabawa, littattafan PDF, hoton fasfo da aka turo maka. Windows ba ta sa masa alama da kanta, mutum ne ke sawa saboda kwaɗayin lambar. A karanta kowane layi kafin a taɓa shi. Sauran irin su Windows Update Cleanup da Delivery Optimization Files ba su da wata illa in an share su. Na farkon tsofaffin gyare-gyare ne da sababbi suka maye gurbinsu, na biyun kuma kwafin abubuwan sabuntawa ne da aka riga aka sauke.

Masu ƙarambani, kuma a kowane aji akwai su, sukan wuce nan. Su kunna ganin ɓoyayyun fayiloli, su ga $Windows.~BT, su kutsa cikin foldar Windows su ga wata mai suna WinSxS ta kumbura, sai hannu ya fara ƙaiƙayi. Ta farkon kayan aikin ɗora manhajar ce, tana cikin abin da ake buƙata wajen komawa baya, kuma sharar da muka bayyana a sama tana tafiya da ita. Ta biyun kuwa ba a taɓa ta. Ita ce rumbun kayan gyaran Windows, kuma girman da take nunawa ma da ƙari a ciki, domin fayil guda yakan bayyana a wuri biyu alhali sau ɗaya aka ajiye shi. Kamar ɗalibi ne da sunansa ke rijistar aji yake kuma rijistar kulob. In ka ƙirga sunaye ka sami biyu, in ka ƙirga kawuna ka sami ɗaya. Wanda ya goge ta da ƙarfin tsiya yana iya wayar gari da kwamfutar da ba ta karɓar gyara, ko wadda ba ta tashi sam. Haka nan ba mu ga amfanin manhajojin share-share da ake tallatawa da alƙawarin mayar da tsohuwar na'ura sabuwa ba. Abin da suke yi na kirki, Windows tana yin sa kyauta, kuma ita ta san kayanta.

Wani lokaci ma matsalar ba yawan kwanakin ba ne, ƙarancinsu ne. In aka ɗaga na'urorin makaranta ana gab da hutu, kwana goman za su ƙare ɗakin yana kulle, babu wanda ya gwada komai. Akwai umarnin da ke tsawaita wa'adin har zuwa kwana 60. Ana buɗe Command Prompt da ikon mai kula da na'ura, a rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, amma dole a yi shi kafin goman farko su cika, kuma a makaranta da sanin malamin da ke kula da ɗakin. Sannan a sani cewa foldar ba sau ɗaya take zuwa a rayuwar kwamfuta ba. Wasu manyan sabuntawa na Windows 11 ɗin kanta, irin 24H2 da ta fito a Oktoban 2024, su ma sukan bar ta a baya.

Yanzu a ɗakinmu duk na'urar da aka ɗaga, muna manna mata 'yar takarda a gefen allo da ranar da aka yi aikin da ranar da wa'adi zai cika. A ƙasa akwai wurin da mai firinta, da 'yan aji shida masu gwajin JAMB, da malaman da ke ajiya a kanta za su sa hannu cewa sun duba nasu. Na'ura ta bakwai ce kaɗai ta rage, wa'adinta ranar Laraba, kuma har yanzu muna jiran sa hannun malamin Lissafi.