Ƙaramin aikin da ya riƙe makulli a duniyar Mars

Kwamfutar da ta daskare a ofis maganinta yatsa ɗaya ne: a danna maɓalli, ta mutu, ta sake tashi. Kumbon Pathfinder, wanda hukumar NASA ta saukar a duniyar Mars ranar 4 ga Yulin 1997, ba shi da mai danna masa komai. Kwanaki kaɗan da saukarsa sai kwamfutarsa ta shiga kashe kanta tana sake tashi, kuma duk lokacin da hakan ta faru, sauran aikin ranar sai ya jira gobe.

Manhajar da ke tafiyar da ita, VxWorks, tana jera ayyuka bisa daraja. Wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi yakan ɗauki makullin wata hanya da yake tarayya a kanta da babban aikin rarraba bayanai. Kafin ya mayar da makullin, sai matsakaitan ayyuka su ture shi gefe, tunda sun fi shi daraja. Babban na jiran ƙaramin, ƙaramin kuma bai samu filin ƙarasawa ba. Babu abin da ya lalace, kowa na bin doka, amma aiki ya tsaya cik.

Abin da ya ceci kumbon shi ne mai gadi. Sau takwas a kowace daƙiƙa wani aiki yana duba ko mai rarrabawa ya gama zagayensa. In bai gama ba, sai a tayar da kwamfutar daga farko. Magani ne na gatari, amma ya fi shiru na har abada. Irin wannan gadin yana cikin Linux a yau: bisa tsarinta na asali takan yi ƙorafi idan ƙwaƙwalwar injin ta maƙale daƙiƙa 20, ko wani aiki ya sanƙare daƙiƙa 120.

Sai dai mai gadi bai san dalili ba. Injiniyoyin JPL ne suka yi ta gwada tagwayen kumbon a ƙasa har matsalar ta bayyana, matsalar da ta taɓa leƙowa tun kafin sauka aka kasa maimaita ta. Daga nan suka aika gyara ta rediyo: duk ƙaramin aikin da ya riƙe makullin da babba ke jira, a ara masa darajar babban har ya saki.