Wata ukun da na salwantar wa ƙanena

Ƙanena ya shiga aikin soja yana saurayi mai ji da ƙarfi, ya fito ba ya iya waiwaye sai ya juya da jikinsa gaba ɗaya. Kuɗin raunin da ya ji a bakin aiki har yau bai gan su ba, kuma mafi yawan laifin nawa ne. Ina rubuta wannan ne saboda na san a Garwa da Marwa akwai gidaje da yawa masu irin takardar da na riƙe.

Duk wanda ya zauna a arewacin Kamaru daga 2014 ya san yadda lamarin yake. Boko Haram ta matsa wa Kolofata da Amcide da Fotokol, a Yulin shekarar har matar mataimakin firaminista Amadou Ali aka sace a Kolofata. Nan Garwa jiragen soja ba sa hutawa, kuma a Oktoban 2015 Amurka ta turo sojoji kusan 300. A cikin wannan zamanin ƙanena ya ji ciwonsa, ba harsashi ba, ba nakiya ba. Motar sintirinsu ce ta kife da dare a hanyar Mora zuwa Kuseri, yana sanye da hular kwano da rigar sulke. Ya fito da ƙafarsa. Abokansa biyu jini na zuba, sai ya ji kunyar ya ce shi ma wuyansa da bayansa na ciwo. Ya taimaka aka ɗauke su, washegari ya koma aiki.

Da ya zo hutu, muna zaune a zaure bayan sallar isha'i, ya ce min, "Yaya, hannuna na hagu yana yin sanyi kamar ba nawa ba." Na ce targaɗe ne. Da safe na ɗauke shi a babur zuwa wajen wani mai ɗori da gidanmu ya daɗe da yarda da shi. Aka shafa man shanu, aka murza, wanzami ya yi masa ƙaho a kafaɗa. Ban raina aikin mutanen nan ba, sun taimaki jama'a da yawa. Sai dai mai ɗori ba ya rubuta kwanan wata, ba ya buga hatimi. Da asibitin soja na tura shi a makon, da akwai shafi guda da ya ce ran kaza soja kaza ya zo da ciwon wuya bayan hatsari a bakin aiki. Wannan shafin shi ne dukan shari'ar, ni kuwa ban sani ba.

Shekaru suka wuce kafin a ɗauki hoton ƙashi, aka ga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuyansa ya zame yana danne jijiya, na ƙugu ma haka. Ya bar aiki, ya haɗa dosiye ya nemi fanshon nakasa. Amsar da ta zo gajeriya ce: babu hujjar da ta nuna ciwon daga aiki ya samo asali.

Ni ya kawo wa takardar, don ni ne na yi nisa a boko a gidanmu. Ya ce, "Yaya, yanzu me za mu yi?" Na ce, "Ka bar min, ka yi haƙuri." Na sa ta a aljihun jaka.

Gaskiyar magana tsoro na ji. A tunanina, rubuta wa hukumar soja cewa ta yi kuskure rashin ladabi ne, kuma zai iya sa a ƙullace shi. Na ga ya fi sauƙi in nemi wani babba ya sa baki. Na hau mota zuwa Ngaundare, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, na yi gaisuwa a gidaje, na dawo da alkawari. Duk lokacin da ƙanena ya tambaya, sai in ce ana kai. Shi kuwa tarbiyyar gida da ta bariki sun haɗu sun hana shi matsa wa yayansa. Ina kallonsa yana sallah a zaune a kan kujera, ina kiran shirun da nake yi tawakkali.

Sai da na je wajen lauya a ƙarshe, ya duba ranar da aka miƙa mana takardar, ya ɗago ya dube ni. Ya bayyana min dokar ranar 29 ga Disamba 2006 da ta tsara kotunan ƙararrakin gwamnati a Kamaru. Wanda bai yarda da hukuncin wata hukuma ba, dole ya fara rubuta wa ita hukumar koke ta sake dubawa, cikin wata uku daga ranar da aka sanar da shi. In ta yi shiru har wata uku, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi. Daga nan yana da kwana 60 ya shigar da ƙara. Irin wannan kotu akwai ta a nan cikin Garwa. Abin da na je nema har Yawunde, takarda guda ce da zan iya rubutawa a zauren gidanmu, kuma doka ce da kanta ta ce a rubuta ta. Lokacin ya riga ya wuce.

Abin da ya ƙara sosa min rai shi ne labarin Amadou Diop, tsohon saje ɗan Senegal da ya yi wa Faransa aikin soja. A Disamban 1959 Faransa ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ta mulka, har da na Kamaru, takwarorinsu Turawa kuwa nasu na ta ƙaruwa. Diop ya rubuta, aka ƙi, ya kai ƙara. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun ƙararrakin gwamnati ta Faransa ta ce an nuna masa bambanci. Ya rasu kafin hukuncin, amma dubban tsofaffin sojojin Afirka sun ci moriyarsa. Mutum ɗaya ya tunkari gwamnatin Faransa da takarda, ni na kasa rubuta shafi guda saboda ɗan uwana.

Na faɗa wa ƙanena komai, a gaban mahaifiyarmu. Ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya, Yaya." Ya yafe, amma kuɗin magani duk wata na nan, kuma na ɗauke su a kaina. Yanzu muna haɗa sabuwar buƙata da sabon rahoton likita. Mun samo biyu daga waɗanda suke cikin motar a daren, sun rubuta shaida sun sa hannu. Muna neman rahoton hatsarin da aka rubuta a rundunarsu. Aikin da zai yi sauƙi a makon farko ya zama na shekaru.

'Yan uwa masu ɗa ko miji ko ƙane a bariki, in ya dawo yana dafe wuya ko ƙugu, ku kai shi likita ya rubuta kafin komai, ku adana kwafin kowace takarda. In amsar ƙi ta riga ta zo, ku dubi ranar da aka miƙa muku ita yau ɗin nan, ku je ofishin tsofaffin sojoji na ONACAM ko wajen lauya, ku rubuta kokenku, ku karɓi shaidar an karɓa kafin wata uku su cika.