Wasiƙa Daga Lesta Zuwa Ga Baffana A Gwiwa

Zuwa ga Baffana,

  Lafiya lau nake, in ban da sanyin ƙasar nan ta Ingila da kewar gida.

Bayan haka, saƙonka ya iso ni ta bakin ƙanena, cewa kana tambaya ko har yanzu ina riƙe da karatun Littafi Mai Tsarki, ko kuwa neman abin duniya ya shagaltar da ni. Na kuma gane abin da ke kwance a ƙarƙashin tambayar, watau yaushe zan komo. Ka sani, Baffa, ba sha'awar yawon duniya ce ta raba ni da Gwiwa ba, domin kuɗin makarantar ƙannena, da maganin Inna, da takin da ake zubawa a gonar marigayi Baba, da ɗan abin da na sa a kwanon rufin majami'a, duka daga wannan aiki na kula da tsofaffi da marasa lafiya suke fitowa, kuma kai da kanka ka karantar da mu a sura ta 5 ta wasiƙar manzo Bulus ta fari zuwa ga Timoti irin tsananin hukuncin da ke kan wanda ya ƙi ɗaukar nauyin gidansu. Nakan kuma ƙarfafa zuciyata da labarin Yusufu, wanda zamansa a Masar ya zama sanadin rayuwar gidan ubansa, ko da yake na san za ka ce Yusufu sayar da shi aka yi, ni kuwa da ƙafata na tafi.

Karatu kam ban bari ba. Amma akwai wata mas'ala da ta tsaya mini a rai, wadda waya ba za ta ɗauke ta ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Mutanen ƙasar nan ƙona gawarsu suke yi.

Wani dattijo daga cikin waɗanda nake kula da su, mutum mai ibada, wanda ko da idonsa ya yi rauni yakan sa in karanta masa Zabura kafin ya kwanta, ya cika da dare, da gari ya waye na tambaya ƙarfe nawa za a kai shi, domin in bi. Sai aka ce mini sai bayan mako biyu ko uku, domin haka suka saba, gawa tana ajiye a ɗakin sanyi wurin masu sana'ar jana'iza har iyali su sami ranar da ta dace da kowa. Da ranar ta zo, aka taru a wani zaure mai tsabta, mutanen ba su cika layi uku na kujeru ba, aka yi waƙa, aka karanta aya, aka yi addu'a, sa'an nan aka ja labule ya rufe akwatin, kowa ya tashi ya fita shan shayi, alhali kuwa a bayan ginin nan akwai tanderu, kuma can za a kai shi. Babu wanda ya ɗauki makara a kafaɗa, babu wanda ya zuba ƙasa, babu wanda ya tsaya har a gama. Bayan 'yan kwanaki sai a miƙa wa iyali toka a cikin ɗan tulu. Wasu su watsa ta a lambu, wasu a teku ko kan dutse, wasu su ajiye ta a falo kusa da hotuna, wasu kuwa ba sa ko zuwa karɓa, ta yi shekaru a ma'ajin masu jana'iza. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne, yanzu akwai wani tsari mai rahusa da ake tallarsa a talabijin da rana tsaka, inda za a zo a ɗauki mamaci a ƙone shi ba tare da ko mutum ɗaya daga danginsa ya halarta ba, kuma tsofaffin da kansu suke biyan kuɗin tun suna da rai, wai don kada su ɗora wa 'ya'yansu wahala. Wahala, Baffa! Binne uba ya zama wahala!

Na bincika asalin abin, na tarar ba gadonsu ba ne. Ba a fara shi a wurin da aka gina dominsa ba sai a 1885, a wani gari da ake kira Woking, majalisar dokokinsu ta yi masa doka a 1902, ikilisiyar Katolika ta janye haninta a 1963, ga shi yau kusan kashi 80 cikin 100 na mamatan ƙasar wuta ce makomar jikinsu. Dalilan da suke bayarwa su ne ƙarancin fili da tsadar kabari. Da na ga ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales sun koma kashi 46 cikin 100, sai na ce to, aikin marasa addini ne; amma ina, masu zuwa sujada kowace Lahadi ma haka suke yi, da fastocinsu. Musulmin Lesta kuwa sun kafa majalisar jana'iza tasu, sun daidaita da hukumar gari domin su riƙa binne nasu da wuri, ko da ranar hutu ce, kuma duk lokacin da na ga sun yi sahu sun nufi makabarta, sai in tuna ranar da Baba ya rasu, yadda maƙwabta, Musulmi da Kirista, suka riƙa karɓar magirbi daga hannun juna, aka rufe shi kafin azahar, tabarmi kuma suka kwana bakwai a ƙofar gida.

Da abin ya ishe ni, sai na kai maganar gaban taron nazarin Littafi Mai Tsarki da muke yi ran Laraba da dare, na tafi da hujjojina a shirye kamar yadda ka koya mana daga abin da ka samo a makarantar Tofa. Na kawo Farawa sura ta 23, inda Ibrahim, yana baƙo a ƙasar Kan'ana, ya ƙi karɓar kyauta, ya auna wa Efron azurfa shekel 400 domin ya mallaki kogon Makfela ya binne Saratu. Na kawo Yakubu da ya sa ɗansa ya rantse ba zai binne shi a Masar ba, da Yusufu da aka ɗauki ƙasusuwansa aka yi ta yawo da su a jeji har aka binne su a Shekem, da Musa da Ubangiji da kansa ya binne a ƙasar Mowab, da annabi Amos da ya yi wa Mowab shelar hukunci saboda ƙona ƙasusuwan sarkin Edom. Na cika da cewa Ubangijinmu kansa an naɗe shi da likkafani an sa shi a kabari, manzo Bulus kuma a sura ta 15 ta Korintiyawa ta fari ya kwatanta jikin mai bi da irin da ake shukawa, kowane manomi kuwa ya san ba a gasa iri kafin a kai shi gona.

Fastonmu, wanda yara ma da sunansa tsagwaronsa suke kiransa, abin da har yau bakina ya kasa, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sa'an nan ya ce wajibi ne mai tafsiri ya rarrabe tsakanin abin da Littafi ya ba da labarinsa da abin da ya yi umarni da shi, domin an ba da labarin Ibrahim ya zauna a alfarwa, ba a kuwa wajabta mana alfarwa ba. Ya roƙe ni in nuna masa nassi guda da ya haramta ƙonawa a fili. Ya buɗe sura ta ƙarshe ta Sama'ila ta fari, inda mutanen Yabesh-gileyad suka yi tafiyar dare suka sauko da gawar Saul da ta 'ya'yansa daga garun Bet-shan suka ƙone su, daga baya kuma Dawuda ya sa musu albarka. Daga nan ya ambaci John Wycliffe, malamin da ake danganta wa fassarar Littafi Mai Tsarki ta farko cikin Ingilishi, wanda ya rasu a 1384 a Lutterworth, nan kusa da mu, aka tone ƙasusuwansa a 1428 aka ƙone aka zuba tokar a rafi, ya tambaye ni ko ina tsammani Mai Iko Dukka zai rasa inda zai tattaro shi ran tashin matattu.

Hakika ban da shakka cewa wanda ya halicci mutum daga turɓaya ba zai gaza tashe shi daga toka ba, in ba haka ba ina makomar waɗanda gobara ta cinye? Nassin hani kuma ban same shi ba, na nema. Amma na amsa masa cewa maƙiya ne suka ƙone Wycliffe domin su wulaƙanta shi, wannan kuwa shaida ce cewa kakanninsu sun ɗauki wuta a matsayin azaba, ba karramawa ba. Mutanen Yabesh kuma lalura ce ta yaƙi ta sa su, duk da haka sai da suka binne ƙasusuwan suka yi azumin kwana bakwai. Abin da salihan bayi suka ɗore a kansa tun daga Ibrahim har zuwa masu tsoron Allah da suka binne Istifanas, ko da ba a rubuta shi da lafazin umarni ba, ai ba a yar da shi saboda tsadar fili. Su kansu waɗanda suka kawo mana bishara, Walter Gowans da ya rasu a Girku da Thomas Kent da ya rasu a Bida a 1894, a ƙasarmu aka haƙa aka sa su, kuma 'yan mishan da suka zauna a Roni ba su taɓa koya wa iyayenmu wani abu dabam ba. Muka rabu a kan sura ta 14 ta Romawa, shi yana ganin al'amari ne da kowa zai bi lamirinsa, ni kuwa ina ganin ko bai kai haram ba, makaruhi ne mai nauyi.

Adalci ya wajaba in faɗi cewa mutanen nan ba a raina su wajen karatu. Sukan ɗauki littafi guda su bi shi sura bayan sura har ƙarshe, ba sa yarda a tsinko aya a raba ta da abin da ke gabanta da bayanta, direban bas da tsohuwa mai sanda kowa yana da bakin tambaya, fasto kuma ba ya jin kunyar cewa bai sani ba. Lissafin baiko da zakka a manne yake a bango, kowa ya gani. Suna tara abinci a majami'a su raba wa mabukata ba tare da tambayar addininsu ba. Ban ce mu kwaikwaye su a kome ba, domin sujadarsu sanyi gare ta, ba ganga ba Zumuntar Mata, da an cika awa ɗaya kuma kowa ya duba agogo. Amma da matasanmu za su sami irin wannan dama ta tambaya a gaban dattawa, da Littafin da Dokta Miller da abokan aikinsa suka sa a bakinmu tun 1932 ya fi haka zama a zukata.

Akwai kuma maganar da ba zan ɓoye maka ba. Bayan an tashi daga taron nan na Laraba, wata tsohuwa wadda ta yi jinyar mijinta shekara da shekaru da hannunta, ba ta yarda an kai shi gidan tsofaffi ba, ta riƙe hannuna ta tambaye ni da kyakkyawar niyya ko mahaifiyata tana da rai, da na ce tana nan, sai ta ce wa yake kula da ita. Na ce 'yan'uwa suna nan, ina kuma aika kuɗi. Ba ta ƙara kome ba, amma na kwana ina juya sura ta 7 ta Markus, inda Ubangiji ya tsauta wa masu fakewa da hujjar addini su bar haƙƙin iyaye, da sura ta 19 ta Yohanna, inda yana kan gicciye bai manta ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa ba. Ni da nake wanke iyayen wasu, ina ba su abinci a baki, tawa uwar kuwa muryata kaɗai take ji. Su sun sami ayoyin da suka sauƙaƙa musu abin da suka riga suka zaɓa game da matattu, ina kuma tsoron kada ya zama haka na riƙe Timoti da Yusufu game da masu rai. Wannan ba ya wanke tanderunsu ko kaɗan, amma ya hana ni ɗaga murya yadda na so.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. Ka karanta wa dattawa wannan takarda, ku duba mas'alar nan da Littafi a buɗe, har da hujjojin faston, kada a rage masa ko ɗaya, ku kuma gaya mini gaskiya ko aiken kuɗi yana sauke haƙƙin Inna da ke wuyana, ko kuwa in fara shirin dawowa. Abin da kuka yanke zan ɗauke shi da nauyinsa. Na biyu kuwa wasiyya ce, na riga na rubuta ta na ba 'yan'uwanmu 'yan Nijeriya da ke nan: in ta Allah ta kasance a kaina a ƙasar nan, in da hali a kawo ni kusa da Baba, in babu hali a binne ni a nan cikin ƙasa, kada a bari a ƙone ni.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganinta na wata mai zuwa yana hanya. Ka gai da Gwaggo da yara, da Rabaran, da maƙwabtanmu na ƙofar gida. Ina jiran amsarka a rubuce.

Ni ne ɗanka mai biyayya.