Kula Da Inji Kafin Ya Kwanta

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani, ya wuce Boɗinga da Shagari ya iso Kajiji, idan ya ratse ya gangara fadama, abin da zai fara ji tun kafin ya hangi ganyen albasa shi ne ƙarar injin ban-ruwa. Mu da muka fito daga wannan yanki, da wannan ƙara muka tashi. Da yawa daga cikinmu kuɗin makarantarmu daga bakin tiyon injin nan yake fitowa. Shi ya sa da aka nemi mu rubuta wani abu a littafin shekara na bana, muka ga ya dace mu yi magana a kan ƙananan injunan nan masu shan fetur, da yadda ya kamata a riƙa kula da su.

Kakanninmu da jigo suka yi ban-ruwa. Mutum ya wuni yana jan guga, kafin rana ta faɗi kafaɗunsa sun yi tsami, lambun kuwa bai taka kara ya karya ba. Injuna sun fara yaɗuwa a shekarun 1980 ta hannun hukumomin bunƙasa aikin gona, suka ƙara yawa da shirin Fadama na farko, wanda aka soma a farkon shekarun 1990 da rancen Bankin Duniya. Aka yi ta haƙa ƙananan rijiyoyin bututu a fadamu, manomi ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai mutum da yawa. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai jigo idan igiyarsa ta tsinke, mai shi yana ɗaurewa da hannunsa ya ci gaba da aiki. Inji kuwa ciki gare shi, wanda bai san abin da ke ciki ba sai dai ya tsaya yana kallo.

Tsayuwar inji a fadama ba ƙaramin abu ba ne. Albasa saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa, don haka ba ta jure ƙishirwa. A watan Maris zafin ƙasar Sakkwato yakan haura awo 40. Idan inji ya kwanta mako guda a irin wannan lokaci, ana jiran a kawo wani ƙarfe daga birni, sai ganye ya yi yaushi, kwararo ya tsage, amfanin da aka sa ran kaiwa kasuwar Aliero ya ragu ƙwarai. Bashin taki da na iri kuwa yana nan bai ragu ba. Mun san gidajen da irin wannan ta sa yaro ya makara komawa makaranta, mun san inda ta sa aka ɗaga biki.

Lokacin hutu wasunmu sukan zauna a rumfar wani bakanike a bakin hanya, muna miƙa masa sifana, muna wanke masa ƙarafa. A nan muka gane cewa yawancin injunan da ake kawowa ba tsufa ya kayar da su ba. Manomi zai sauke inji daga bayan babur ya ce, "Malam, abin nan ya gaji, sai dai a sake wani." Shi kuwa sai ya kwance murfin baƙin mai, ya ɗiga a yatsa ya murza, ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da juye wannan?" Amsar kusan kullum ɗaya ce: "Ai bai ƙare ba tukuna." Sai ya girgiza kai ya ce mana, "Yara, ku duba ku gani. Mai ba ya jiran ƙarewa kafin ya lalace."

Da muka karanta ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin injin Honda GX160, wanda yawancin injunan ban-ruwa na yankinmu shi ne ko kwaikwayonsa, sai muka tarar da maganar Malam a rubuce. Sabon inji ana juye masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100 ko wata 6. Man da yake ɗauka bai wuce rabin lita da ɗan ɗori ba. Muka yi lissafi irin na aji: injin da ke aiki awa 6 a rana, cikin kwana 17 ya cika awa 100. Ke nan a noman rani guda ana bukatar juyi da dama, alhali wani sau ɗaya yake yi, wani ma ƙari kawai yake yi a kan tsohon. Man da ya daɗe yakan tsinke, ya cika da ɓarɓashin ƙarfe, sai fistin da ringi su riƙa gugar juna har ran da inji zai buga. Kuɗin gyaran injin da ya buga ya isa sayen baƙin mai na shekaru.

Abokin gaba na biyu shi ne ƙura. Inji yana shaƙar iska kamar yadda muke shaƙa, hunturu kuwa kowa ya san abin da yake ɗauke da shi. Akwai ɗan soso a gefen kafireta wanda ke tace iskar. Littafin ya ce a wanke shi duk bayan awa 50, a wuri mai ƙura kuma a yawaita. Ruwa da sabulu kawai yake bukata, a shanya ya bushe, a ɗan jiƙa shi da sabon mai a matse. Abin baƙin ciki, idan soso ya toshe inji ya soma shaƙewa, wasu sai su cire shi su yar, su ce yanzu ya sami numfashi. Daga ranar yashi ke shiga kai tsaye yana cin cikin inji. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai fetur. Ba kowane ƙauye ke da gidan mai ba, dole a saya a galan wurin 'yan bumburutu, wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. Ramukan kafireta kuwa ba su fi tsinin allura ba. Tace mai da tsumma mai tsabta kafin a zuba yana rage wahala da yawa. Haka kuma fetur ba ya son zama. Idan ya kwana wata ɗaya ko biyu a cikin kafireta, sai ya bushe ya bar wani danƙo da ke toshe ramukan. Wannan ne dalilin da ya sa rumfar Malam take cika maƙil a watan Oktoba da Nuwamba. Mutane sun ajiye inji da mai a ciki tun farkon damina, ranar da za a dasa albasa aka ja igiya har hannu ya gaji bai tashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a ajiye inji, a rufe makunnin mai, a kwance ɗan kusan da ke ƙarƙashin kafireta a tsiyaye ta, a juye baƙin mai a zuba sabo, a zubar da ruwan da ke cikin famfo, a rufe shi a wuri busasshe.

Inji yana faɗin ciwonsa ga mai saurare, don ruwa ba ya tsami banza. Baƙin hayaƙi na nufin fetur ya yi wa iska yawa, a duba soso. Shuɗin hayaƙi na nufin baƙin mai yana ƙonewa, ringi ya soma cinyewa. Fulogi ma shaida ne: idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau, idan ya yi baƙi ƙirin ko fari fat akwai magana. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Idan inji yana aiki amma ruwa bai zo ba, kada a yi saurin zarginsa. Sau da yawa tiyon zuƙo ne ya huje yana jan iska, ko rariyar bakinsa ta toshe da laka, ko ruwan rijiya ya yi ƙasa, don irin wannan famfo ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Kuma kada a taɓa tayar da shi sai an cika cikin famfon da ruwa, domin gudu a bushe yana ƙona robar da ke hana yoyo cikin ɗan lokaci.

Akwai wasu injuna da ba su da ma'ajin baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya musu. Irin su ne ƙaramin janareta Tiger da zarto mai inji da ake yanka itace da shi. Waɗannan lissafi suke so. Kamfanin Stihl na Jamus, wanda ya fitar da zartonsa mai fetur a 1929, ya ce kashi 50 na fetur a kan kashi 1 na mai, wato lita 5 na fetur da mililita 100 na man da aka rubuta 2T a jikinsa. Wasu masu araha kashi 25 a kan 1 suke bukata, sai a duba littafinsu. Wanda ya auna da ido, ko dai mai ya yi kaɗan fistin ya kama, ko ya yi yawa fulogi ya toshe. Sarƙar zarto idan tana da kaifi, ɓarɓashi manya-manya take fitarwa. Idan ta koma fitar da gari, ta dakushe, a wasa ta da magagari. Kada a yi yanka da tsinin bakin zarto, don yakan yi tsalle ya dawo wa fuskar mai riƙe da shi. Muna kuma roƙon masu wannan sana'a su tsaya ga dogonyaron da iska ta kayar da rassan da suka bushe. Zarto yana kayar da gawo cikin minti kaɗan, gawon da ya yi shekaru masu yawa yana ba gona taki da inuwa, a ƙasar da hamada take matsowa.

Ko a nan makaranta darasin ɗaya ne. Injin yankan ciyawar filin wasanmu da damina yake aiki, da rani ya yi barci, akasin na ban-ruwa, amma ciwonsu iri ɗaya ne: tsohon fetur, tsohon mai, toshewar soso. Duwatsun da muke bari a fili kuma, idan wuƙarsa ta daki ɗaya tana iya lanƙwasa sandar inji. Duk wanda aka sa ya share ƙarƙashinsa, ya fara cire wayar fulogi kafin ya kai hannu. Kada a zuba wa kowane inji fetur yana da zafi, kada kuma a kunna shi a cikin ɗaki, domin hayaƙinsa yana da guba marar wari da ta sha kashe iyali guda cikin barci.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, wannan magana ta ƙara nauyi. Litar da farashin gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 a nan Arewa cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Wasu manoma suka juya injunansu suka koma amfani da tukunyar gas, masu hali suka sayi na hasken rana. Amma injin da aka juya zuwa gas har yanzu yana bukatar baƙin mai da soso mai tsabta, wanda ya zauna kan fetur kuma, idan kafiretarsa ta ƙazantu, kuɗi yake sha yana fitarwa hayaƙi.

To, ya ku 'yan'uwanmu ɗalibai, a nan namu aikin yake. Littattafan injunan nan da Turanci aka rubuta su, yawanci a cikin kwali ake barinsu har gara ta cinye. Iyayenmu sun biya kuɗi mun koyi karatu, mun koyi lissafin kaso, mun koyi yadda inji ke aiki a darasin kimiyya. Bai dace mu koma gida mu zauna a inuwa da farar riga ba, muna ƙyamar baƙin mai, alhali Baba yana fama da igiya a fadama. A hutun nan kowa ya nemi littafin injin gidansu ya karanta wa Baba da Hausa. A sami ɗan littafin rubutu a riƙa sa awannin aiki da ranar juyin mai. A je wurin bakanike da ladabi a koyi abin da ba ya cikin takarda, domin shi kunnensa yana jin abin da mu sai mun buɗe muke gani. Ba kowa ne zai zama likita ko lauya ba, kuma garuruwanmu suna bukatar masu gyara da suka iya karatu kamar yadda suke bukatar malaman asibiti.

 Allah ya ba iyayenmu damina mai albarka da rani mai amfani.