Ciyayya Daga Zaure Zuwa Jirgin Ruwa

Akwai wata tambaya da akan yi wa duk wanda ya yanki tikitin shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ke kwashe mako guda ko biyu suna zaga gaɓar Bahar Rum ko tsibiran Karebiyan. Tambayar kuwa ita ce: a zauren cin abinci, kana son a keɓe maka tebur kai da wanda kuka zo tare, ko kuwa a haɗa ka da mutanen da ba ka sani ba? Ga ɗan cikin Birni irina, wanda bai taɓa ganin teku ba sai a hoto, wannan ta yi kama da damuwar masu hannu da shuni. To, amma in an duba da idon basira, tsohuwar tambaya ce da Bahaushe ya daɗe da amsawa a zaurensa, kuma ga alama yana sauya amsar a hankali ba tare da ya shawarci kowa ba. Dalilin da ya sa ke nan na ga ya dace in kawo ta gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai.

Da farko, bari mu ga yadda abin yake a jirgin. Tsarin da aka gada daga jiragen fasinja na dā shi ne a raba cin abincin dare kashi biyu, a ba kowane fasinja lambar teburinsa, ya zauna wuri ɗaya da mutane ɗaya har ranar sauka. Tebur yakan ɗauki mutum shida, ko takwas, ko goma. Doguwar tafiyar ruwa kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Ta ruwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Ingila ya tafi Makka a 1921, kuma daga 1951 zuwa 1974 jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi ta jigilar ɗalibai da ma'aikata tsakanin Ikko da Ingila, tafiyar kimanin mako biyu. A shekarar 2000 sai kamfanin Norwegian Cruise Line ya fito da sabon tsari, wato kowa ya ci lokacin da ya so, tare da wanda ya so, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000. Gari guda ke nan a kan ruwa, amma mutum na iya shiga ya fita bai san sunan kowa ba.

Mu dawo gida. A unguwarmu, can gindin Dala, na tashi na tarar da abin da ake kira ciyayya. Da an idar da sallar Magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren dattijon layin, yara kuma su yi ta fitowa daga gidaje ɗauke da kwanuka rufe da faifai. Wannan gida tuwon dawa miyar kuka, wancan tuwon shinkafa da taushe, wani dambu, wani kuwa gaya ne kawai da ɗan romo. Ba a buɗe su gaba ɗaya. Sai a jawo ɗaya tsakiya, a yi bisimilla, hannuwa su taru a kansa har ya ƙare, sannan a jawo na gaba. Mu yara muna gefe da namu kwanon, kuma a nan muka koyi dokokin da ba a rubuta ba: ka wanke hannu, ka ci da dama, ka ci gabanka, ka dafa bakin kwano da hagu don kada ya yi yawo, kada ka kai hannu ga nama sai babba ya raba, kada ka bi lomar wani da ido. Babba kuma shi yakan fara tsame hannu, ya bar wa na ƙasa da shi saura.

Sai da na girma na fahimci babban aikin da wannan zama yake yi. Ciyayya rufin asiri ce. Magidancin da kasuwa ta juya wa baya, har aka wuni ba a ɗora tukunya a gidansa ba, yakan zo ya zauna a wurinsa na kullum, ya ci ya ƙoshi, ba mai ƙirga kwanuka balle a gane na wa ne bai fito ba. Ko an gane ma ba a faɗi. Sai dai bayan an watse a ga wani yaro ya shiga gidan da kwano a rufe, wai ga ɗanɗano in ji Hajiya. Haka kuma a wurin ciyayya ake gane wanda ba shi da lafiya, domin gurbinsa yakan nuna, kafin Isha an aika a dubo shi. Gwauro da almajiri da baƙon da dare ya yi wa duk suna da rabo. Duk wanda ya gifta sai an ce masa “Bisimilla,” ko da an san zai amsa da “Alhamdu lillahi” ya wuce. Hausawa suka ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, suka kuma ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Ba mamaki Kano ta riƙe wannan ɗabi'a, domin birnin baƙi ne. Sunayen unguwanninta kaɗai sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna, da Alfindiki, wadda masana ke cewa sunanta daga kalmar Larabci mai nufin masauki ya samo asali. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, falke yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya kuma tsaya masa wajen ciniki. Amanar dukiya daga kwanon tuwo take farawa. Su ma fataken goro da ke bin ayari zuwa Gwanja, watanni suke yi suna ci suna sha tare a zango a ƙarƙashin madugu, ko da ba su san juna ba ranar da aka ɗaura kaya.

Kakana yana cikin mutanen da suka je Makka ta ƙasa, kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai. Ya bi ta Barno da Cadi, ya yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira a Sudan har ya haɗa kuɗin jirgi, sannan ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Yakan ba mu labari cewa a saman jirgin ba tebur ba kujera, kowa da ƙunshin guzurinsa. Shi yana da garin gero da ƙuliƙuli, wani Babarbare yana da busasshen kifi, wani Bafulatani daga can yamma yana da man shanu a ɗan duma. Ba mai jin harshen wani sosai, amma duka sun san “Bisimilla.” Suka haɗa guzurin wuri ɗaya. Da jiri ya kwantar da kakan nawa, wannan Babarbaren ne ya tsare masa kaya, ya kuma riƙa ɗebo masa ruwa har suka sauka.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka Bahaushe bai san keɓewa ba. Ya sani ƙwarai. Ba a ganin sarki yana ci a bainar jama'a. Dattijo ba ya ci a kan hanya. Suruki ba ya sa hannu a kwano ɗaya da uban matarsa, amarya ba ta iya haɗiyar loma a gaban dangin miji, mata kuma suna cin nasu a cikin gida, maza a waje. Wato mu ma muna da namu teburin na kaɗai. Bambancin shi ne, namu kunya da girma ne suke shata shi, ba a sayensa da kuɗi, kuma ba a yin sa don guje wa baƙo. Wanda aka kai wa nasa akushin ɗaki karrama shi aka yi, shi ma kuwa ba zai cinye ba, sai ya rage ya miƙo wa yara.

Akwai wani bambancin kuma da ya kamata ɗalibin al'ada ya lura da shi. A zaure kwano ɗaya ne, amma ba a tilasta wa kowa magana. An ma fi son a ci a natse, hira sai an wanke hannu, wanda ba ya so kuma ya yi sallama ya tafi. A jirgi kuwa kowa da farantinsa, abin da ake tarayya a kai shi ne zance. Abinci yana zuwa kashi-kashi, zama yakan kai awa biyu, kuma dole ka amsa daga ina kake, mene ne aikinka, 'ya'yanka nawa, yau da gobe har kwana bakwai. Saboda haka ban ga laifin wanda ya gaji ya nemi a keɓe shi ba. Bakinsa yake son hutarwa. Haka nan magidancin da ke tafe da iyalinsa, ko wanda ba ya son zama inda ake shan giya, uzurinsa a fili yake. Ba kowane baƙo ne kuma alheri ba. Iyayenmu da kansu sukan gargaɗe mu kada mu karɓi abin sha daga hannun wanda ba mu sani ba a mota, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Duk da haka, in da ni aka miƙa wa wannan takarda ina tafe ni kaɗai, babban teburin zan zaɓa. An ce tafiya mabuɗin ilmi, to ilmin ba a cikin ruwan teku yake ba, yana bakin mutanen da ke cikin jirgin. Wanda ya biya maƙudan kuɗi ya ƙetare teku, sannan ya zauna da wanda ya baro gida da shi kaɗai, ɗakinsa ya ɗauko ya kai kan ruwa. Mummunan abokin tebur kwana bakwai ne ku rabu, baƙo raɓa ne. Na kirki kuwa yana iya zama irin Babarbaren da kakana ya yi ta yi wa addu'a har ya bar duniya.

Abin da ya fi damuna, jama'a, shi ne mu da ba mu shiga jirgi ba mun riga mun zaɓi ƙaramin tebur. A layinmu dattawan da suka riƙe ciyayya sun ragu, 'ya'yansu da yawa sun koma sababbin unguwanni bayan ganuwa, inda gida ke da ƙofar ƙarfe amma ba zaure. A ɗakunan kwananmu na jami'a ɗalibi yakan sayo abincinsa a leda, ya juya wa abokin ɗakinsa baya, hannu ɗaya a cokali ɗaya a waya. Na san tsadar hatsi tana cikin dalili, ba kuma na musun haka. Amma ai domin ranar tsada aka ƙirƙiri ciyayya. Fasinjan jirgi in ya keɓe, hira kawai ya rasa, abincinsa an riga an biya. Mu kuwa in kowa ya rufe ƙofa, wanda bai ɗora tukunya ba sai ɗayan biyu: ya kwana da yunwa, ko ya fito ya roƙa, asirin da kakanninmu suka rufe da faifai ya tonu.

Muna nazarin kalmomi irin su akushi da ƙoshiya da fatoma a matsayin kayan tarihi. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai kada mu bari ciyayya ta shiga wannan jeri muna kallo. Farfaɗo da ita ba ya bukatar kwamiti ko kuɗin gwamnati, tabarma ce da kwano da mutum uku. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a abin da muke ci, amin.