Garin Ƙishirwa, Garin Ruwan Baƙo

Duk wanda ya taɓa zama a Damagaram ya san garin ba ya lallashin kowa. Rana mai zafi, manyan duwatsu jibge a tsakiyar unguwanni, ga ƙarancin ruwa da ya zame masa kamar gado. Ba can aka haife ni ba, karatu ya kai ni, koyarwa ta zaunar da ni shekara 14. Yau shekarata 9 a birnin Liyon na Faransa, amma hutun sati uku da na je na yi a bana ya tabbatar mini har yanzu ban samu garin da ya maye gurbinsa ba.

Daga Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce a mota, ta Dosso da Konni da Maraɗi. Ka iso a gajiye, amma da ka hango duwatsun sai gajiyar ta ragu. Abubuwa da yawa sun sake. Tun da aka buɗe matatar man fetur a 2011 a hanyar Tanut, ga kuma jami'a, gari ya faɗaɗa, 'yan kabu-kabu sun cika tituna. Birni kuwa yana nan da lungunansa da fadar Sarki da gidajen ƙasa masu zane a goshi. Damagarawa ma suna nan da alfaharinsu. Ba za ka daɗe a zaune ba sai wani ya tuna maka da Sarki Tanimun da ganuwarsa, ko ya ce nan ne babban birnin ƙasa kafin Turawa su mayar da shi Yamai a 1926.

Abin da bai sake ba shi ne ruwa. Jarkoki rawaya na nan a jere gaban famfo, mata na kwana da kunne ɗaya a buɗe ko zai zo cikin dare, 'yan ga-ruwa na tura amalanke. Duk da haka, a gidan da na shiga duka, kafin a gama gaisuwa an dire mini kwanon ruwa. Ruwan nan saye aka yi, ko barci aka hana ido aka tara shi, amma baƙo ake fara miƙa wa.

A Liyon koguna biyu ne suka ratsa gari, Ron da Son, har suka haɗu a cikinsa. Ruwa ba ya yankewa a ɗakina. Sai dai maƙwabcina na shekara 6 bai taɓa ganin cikin falona ba, ni ma ban ga nasa ba. Mutumin kirki ne, haka rayuwar take. A Kasuwar Dole kuwa, ranar Alhamis, wani mai sayar da takalma ya riƙe hannuna ya ce, “Mushe, ba ka gane ni ba?” Ɗalibina ne na da. Ya ƙi karɓar kuɗina, ya kuma aiko mini da alkaki har masauki.

Da dare a fadarmu ta shan shayi, ina ta yabon gari, sai wani tsohon abokina ya yi dariya ya ce, “Malam, mai tikitin komawa a aljihu ai dole gari ya yi masa daɗi. Zo ka yi watan Afrilu da mu.” Gaskiya ya faɗa. Ƙaunar ɗan hutu ba ta ɗaukar jarka. Na yi waɗannan watannin a da, shi ya sa na san nauyin kwanon da aka miƙo mini, na kuma san bashi ne.

Tsofaffin da suka riƙe ni suna ta raguwa. Inna mai gidan da na yi haya ta kama kunnena ta ce, “Ɗan nan, kada sai gaisuwar mutuwata za ta sake kawo ka.” Na yi mata alkawarin baɗi zan zo da 'yata, wadda ba ta taɓa taka ƙasar ba. Kafin lokacin na fara koya mata abu guda: duk wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ko mai kawo wasiƙa ne, ta tambaye shi ko zai sha ruwa.