Jiki magayi: jijiyoyin da ke yanke hukunci kafin ƙwaƙwalwa ta ji labari

Wanda ya taka ƙaya babu takalmi yakan ɗauka cewa zafin da ya ji ne ya sa shi ɗage ƙafa. Ma'aunan masu bincike sun nuna cewa ƙafar ce take riga tashi, sannan labarin zafin ya isa ƙwaƙwalwa. A ɗan wannan taƙin, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, an riga an karɓi saƙo an yanke hukunci an zartar, a wani wuri can ƙasa da kai, ba tare da an nemi izinin mai ƙafar ba. Sanin yadda hakan ke faruwa yana da amfani fiye da ƙayatarwa, domin a kansa ne ya dogara ko mai ciwon suga zai tsira da ƙafarsa, ko kuma yaron da aka yi wa allura a kemis zai ci gaba da tafiya daidai.

Kalmar jijiya a Hausa gida ce mai ɗakuna uku. Hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, farin zaren da ke ɗaukar saƙo shi ma jijiya ne. Shi ya sa idan wani ya ce yana ciwon jijiya, sai likita ya sake tambaya kafin ya gane wacce ake nufi. Ta ukun ce abin magana a nan. Ƙwaƙwalwa da lakar da ke kwance cikin ƙashin baya su ne fada, sauran jijiyoyin saƙo da suka bazu cikin jiki kuwa manzanni ne masu kai kawo. Tagwaye 12 suna fitowa daga kai, suna kula da gani da ji da sansana da ɗanɗano da motsin fuska, kuma ɗaya daga cikinsu, ta goma, tana gangarowa har zuciya da hanji. Tagwaye 31 kuma daga laka suke fitowa: 8 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a ƙasan ƙugu, 1 a ƙarshen ƙashin baya.

Kowace jijiyar laka tana da saiwa biyu. Charles Bell a Ingila a 1811, da François Magendie a Faransa a 1822, su ne aikinsu ya tabbatar da cewa saiwar baya ita ke shigo da labari daga fata da tsoka, ta gaba kuma ita ke fitar da umarni zuwa ga tsoka. Kafin tsakiyar wannan ƙarni, manyan masana da dama sun ɗauka gudun saƙon ya wuce a auna. A 1850 Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna shi a ƙafar kwaɗo, ya samu wajen mita 30 a daƙiƙa guda. Daga baya aka gano cewa zaruruwan ba gudu ɗaya suke yi ba. Masu kauri, waɗanda aka naɗe da rigar kitse kamar yadda ake rufe wayar lantarki da roba, suna iya kai mita 120 a daƙiƙa. Sirara marasa riga kuwa da ƙyar suke yin mita ɗaya ko biyu. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake jin zafi sau biyu, na farko mai kaifi nan take, na biyu kuma zogi mai nauyi da ke biyowa bayan kamar daƙiƙa guda. Mutum yakan san cewa na biyun yana tafe tun kafin ya iso.

Mafi sauƙin misalin hukuncin laka shi ne abin da ke faruwa idan likita ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumar roba. Bugun yana ɗan miƙar da tsokar gaban cinya. A cikin tsokar akwai wasu ƙananan 'yan tsaro da aikinsu kawai lura da miƙewa, sai su aika saƙo ta saiwar baya zuwa laka a daidai ƙugu. A can saƙon yana tsallakawa kai tsaye zuwa zaren umarni, ya fito ta saiwar gaba, tsokar ta tsuke, ƙafa ta yi harbi. Mahaɗa ɗaya tak saƙon ya ratsa, kuma duk tafiyar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Likitoci biyu na Jamus, Wilhelm Erb da Carl Westphal, kowanne a nasa ɓangaren, suka bayyana wannan zabura a 1875. Amfaninta a rayuwa ya wuce ɗakin likita, domin ita ce ke hana gwiwa lanƙwashewa duk lokacin da mai tafiya ya zurma ƙafa a rami ko ya sauko daga matakala da kaya a ka.

Lamarin ƙaya ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma Charles Sherrington, wanda ya samu kyautar Nobel a 1932, shi ne ya warware shi a littafinsa na 1906. Idan ƙafar dama ta taka ƙaya, laka tana tsuke tsokokin da za su ɗage ta, tana sassauta waɗanda za su yi musu gardama, sannan a lokaci guda ta tura umarni ƙetare zuwa ƙafar hagu ta miƙe ta ɗauki nauyin jiki duka. Ba don wannan na ƙarshen ba, da duk wanda ya taka ƙaya faɗuwa zai yi. Ƙwaƙwalwa tana samun rahoto bayan an gama, kuma nata aikin shi ne ta sa mutum ya duƙa ya cire ƙayar, ya kuma tuna kada ya sake bin wannan hanya babu takalmi.

Duk da haka ƙwaƙwalwa ba ta sakar wa laka linzami gaba ɗaya ba, kullum tana riƙe da shi tana rage ƙarfin zaburar. Wannan ne ya mayar da gudumar roba abin karatu a hannun likita. Idan zaburar ta ɓace, an fi zaton matsalar tana kan hanyar da ke tsakanin tsoka da laka, kamar yadda ake gani a cutar shan inna, wadda ke kashe ƙwayoyin umarni a gaban laka har ƙafa ta saki ta yi laɓo-laɓo. Idan kuwa zaburar ta yi yawa, alama ce ta cewa linzamin sama ne ya tsinke, kamar a shanyewar ɓarin jiki bayan wasu makonni. A 1896 Joseph Babinski a birnin Paris ya ƙara wata alama: idan aka karci tafin ƙafar babban mutum mai lafiya, yatsun suna lanƙwashewa ƙasa, amma idan hanyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta samu lahani, babban yatsa yana ɗagowa sama. A jikin jariri ɗagowar ba cuta ba ce, domin hanyar ba ta gama nuna ba tukuna.

Darajar waɗannan manzanni ba ta bayyana sosai sai sun yi shiru, kuma babu cutar da ta nuna haka kamar kuturta. Ƙwayar cutar, wadda Gerhard Armauer Hansen ya gano a birnin Bergen na ƙasar Norwe a 1873, tana zama ne a cikin rigar jijiyoyi, musamman a sassan jiki masu sanyi kamar hannu da ƙafa da fuska. Shekaru aru-aru an yi imani cewa cutar ce ke cinye yatsu. Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Ingila da ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya bi majinyatansa ya lura da hannayensu da ƙafafunsu, ya gane cewa akasarin ɓarnar daga rashin jin zafi take. Mutum zai riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, zai yi tafiyar yini da ƙusa a takalmi, raunin ya ruɓe, ƙashi ya kamu, yatsa ya gajarce a hankali. Yau kuturta tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da su ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. A Saye da ke kusa da Zariya akwai cibiyar ƙasa da ke horar da ma'aikata kan tarin fuka da kuturta. Sai dai maganin yana kashe ƙwayar ne, ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta mutu, don haka farin tabon fata da ba ya jin taɓi abin kai wa asibiti ne tun yana shi kaɗai.

Abin da Brand ya koya a kan kuturta shi ne yau ake amfani da shi a kan ciwon suga, wanda ya shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Kimanin rabin masu wannan ciwo sukan samu lalacewar jijiyoyi idan shekaru suka yi nisa. Mafi tsawo ne ke fara gajiya, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa: raɗaɗi da dare, ko jin kamar tafiyar kiyashi, ko kamar ana taka auduga. Haɗarin yana ƙaruwa ne a lokacin da raɗaɗin ya lafa, mai ciwon ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali ƙafar ce ta daina magana. Daɓen siminti a zafin watan Afrilu, da kaskon garwashi a hunturu, da sabon takalmi mai matsi, kowannensu yana iya buɗe gyambon da ƙarshensa yanke ƙafa ne. Gwajin da ke gano wannan da wuri ba shi da tsada: wani siririn zaren roba ne da ake dannawa a tafin ƙafa da nauyin giram 10. Wanda bai ji shi ba, dole idonsa ya karɓi aikin da jijiyarsa ta ajiye, ya riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum lokacin wanke su, ya kuma zazzage takalmi kafin ya saka.

Akwai kuma lahanin da hannun mutum ke jawowa. Jijiya mafi girma a jiki tana tasowa daga ƙugu, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, kaurinta a jikin babba ya kusa na babban yatsan hannu. Allurar da aka soka a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasansa tana iya samun ta, yaro ya tashi yana jan ƙafa, iyaye su ɗauka shan inna ce. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan jinya su yi allura a sama ta gefen waje, jarirai kuma a gefen cinya. Jijiyoyin jiki, saɓanin laka, suna iya sake toho, amma da kimanin milimita ɗaya a rana. Wadda ta yanke a wuyan hannu tana buƙatar wajen wata shida kafin ta kai kan yatsa. Wadda ta lalace a ɗuwawu kuwa tafiyarta ta shekaru ce, alhali tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa biyu babu jijiya takan ƙanƙance har ta kasa farfaɗowa. Saboda haka yaron da ya fara ɗingishi bayan allura, a makon ya kamata likita ya gan shi, kuma mahaifin da ya tambayi mai allura a ina zai soka bai yi shisshigi ba.